Maigida Ba Shi Nan

Bana azumi ya zagayo ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, daidai cirar albasa, kamar yadda ya yi a shekarar farko ta jihar Kebbi. Yaran yanzu suna ta kukan zafi, alhali ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, ga ƙanƙara a kowane lungu. Ni ba na tanka musu. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Warin lawashi da ke bushewa a rana, idan ya haɗu da ƙishirwar la'asar, ba abin da yake tuna mini sai Bello. Sai kuma ga shi an ce Bellon ya yi ritaya ya dawo Aliero, yana zama majalisar bakin kasuwa yana ba samari labarin wasan kwaikwayon da muka yi, suna ta sheƙa dariya. Tunda yana ba da nasa, bari ni ma in ba da nawa.

A waccan shekarar ina saurayi, gemuna bai gama haɗuwa ba. Mahaifina ya rasu, ni ne babba a gaban Inna da ƙannena mata, sai 'yar fadamarmu ta albasa a hanyar Jiga Makera. Daminar da ta gabata ba ta yi mana kirki ba. Gero ya yi ƙasa a rumbu tun kafin a ga wata, Inna ta fara cakuɗa shi da dawa tana cewa wai haka ya fi riƙe ciki. Mun san dalili, muka yi kamar mun yarda.

Sahur ɗumamen tuwo ne da miyar kuka, sai ka ɗura ruwan randa har cikinka ya yi nauyi. Ana sallame Asuba zan saɓi guga in kama hanya, don aikin albasa a azumi na sanyin safiya ne. Fangalolin albasar da aka dasa a makare suna son ruwa, rijiya kuwa ta ja baya, sai ka ƙara igiya, abin da zai fito rabinsa laka. Waɗanda suka nuna kuma sai cira. Mukan yi gayya, yau a fadamar wane, gobe a ta wane, ba fura ba goro, ladan aikin sai godiya. Kafin hantsi ya yi nisa ƙasa ta ɗau zafin da ba ta takuwa ba takalmi. Leɓe ya tsage, yawu ya kafe, yajin albasa ya cika ido, ga hannu duk ƙasa ba damar murzawa. Wani lokaci iska takan taso mu ɗaga kai muna murna, sai ta zo da zafi kamar an buɗe bakin tanda. A gida mata suna yanke lawashi suna dakawa, suna mulmula gabu suna shanyawa a kan bango. Mu kuma muna kafa rudu, rumfar kara da ake jera albasa a kai don iska ta riƙa ratsa ta kada ta ruɓe.

Duk wannan wahalar, akwai abin da nake ɗoki kullum. Bayan Azahar ake tafsiri a ƙofar gidan Malam, wan mahaifina, wanda a hannunsa na yi karatu. Wanda bai san tafsirin ƙasarmu ba, mutum biyu ke zama gaba: mai jan baki ya rera aya da murya, Malam ya fassara. Mai jan bakinmu, Alaramma Ɗan Ige, tsufa ya kama shi, tari ya ci ƙirjinsa. Idan ya sarƙe sai Malam ya yi mini nuni da ido in karɓa. Allah ya ba ni siririyar murya mai tafiya, idan na ja aya har matan da ke saurare a cikin gidaje suna ji. Ba zan ɓoye ba, ba abin da nake so a duniya kamar in gaji buzun Alaramma. Ban damu da sarauta ba, ban damu da mota ba. Wannan wurin zaman nake so, kuma kowa ya ga alamar ni za a ba.

Bello kuwa abokina ne tun makarantar allo, akushi ɗaya muka tashi muna ci. Shi ya yi boko ya zama malamin firamare, ga baki, ga iya tara mutane. Shekarar nan kowa ya kamu da zazzaɓin sabuwar jiha. Motoci na wucewa daga Sakkwato ɗauke da ma'aikata da gadajensu da tukwanensu zuwa Birnin Kebbi. Sai labari ya zo cewa bayan Sallah za a yi gasar wasan kwaikwayo a Jega, ƙungiyoyin Jega da Aliero da Maiyama, wanda ya ci a kai shi Birni ya yi a gaban manya. Bello bai yi barci a kan maganar ba. Ya tara tela, da mai facin keke, da wani ma'aikacin asibiti, da Audu mai kalangu, duk aikin sa kai, ba wanda aka yi wa alkawarin ko ƙwayar goro. Ni da na shiga, ba wasa na je yi ba. Na iya saƙar zana, na ce zan kawo zana da dirkoki, in kuma riƙa ɗaukar benci.

Wasan da Bello ya shirya labarin wani maigida ne mai gudun jama'a. A zo gayyar gyaran hanya, ya shige rumbu. A zo allurar rigakafi, ya shige rumbu. Malamin gona ya zo, ya shige rumbu. Matarsa Kulu ce ke amsa sallama daga cikin gida tana kare shi. A ƙarshe a yi shelar rabon taki, ya diro daga rumbu da gudu, asirinsa ya tonu. Bello ne maigidan. Matsalar ita ce Kulu. A Aliero ta wancan lokaci ba uban da zai bar 'yarsa ta shiga fili, ba kuma namijin da zai ɗaura zane ya sake shiga kasuwa. Sai Bello ya ce ai Kulu matar kulle ce, ba sai an gan ta ba. A kafa zana, a ji muryarta kawai, kamar yadda ake jin ta kowace matar aure idan ka yi sallama a ƙofar gida.

Ranar gwajin murya, bayan La'asar, muka rufe kanmu a wani aji. Kwanon rufin ya gasa ɗakin, kowa ya jiƙe sharkaf. Tela ya toshe hanci ya gwada, muka ce wannan akuya ce. Mai faci ya gwada, muka ce akuyar ce ta haihu. Ina can baya ina ɗaure dirka, dariya ta ci ƙarfina, na ce, "Kai, ku ba ku taɓa jin mata ba? Ga yadda suka yi." Na matse maƙogwaro, na karkace baki, na ja shi yadda matan unguwarmu ke ja:

"Wa ka sallama? Maigida ba shi nan!"

Kowa ya juyo. Audu har ya leƙa taga ya ga ko wata ce ke wucewa. Bello ya taso ya kama hannuna.

"Ummaru, walle kai na Kulu."

"Ka haukace? Ni ka karɓa ma Alaramma gaban Malam. In anka ji, mi za ni ce mai?"

"Wa ka ji? Ba zane, ba kallabi, ba mai ganin ka. Kana bayan zana kamar mai tsaron kaya. Murya ɗai muka biɗa."

Na ce a'a, na sake cewa a'a. Ya dubi sauran, ya sa kowa ya ɗaga hannu ya yi alkawari. Sannan ya juyo ya kafe ni da ido.

"Amana ta, Ummaru. Da azumi a bakina nika hwaɗa ma, ba mai sani har mu mutu."

A wurinmu idan mutum ya ce da azumi a bakinsa, magana ta ƙare. Na yarda. Kuma gaskiya abin ya yi mini daɗi. Bayan wunin rana a fadama da zaman natsuwa a tafsiri, sai in shige bayan zanata in zauna a kan turmi in zama Kulu, in yi ta zazzaga wa malamin gona rashin mutunci. Yunwa takan manta da mu har sai mun ji ladan ya gyara murya, mu watse da gudu kowa ya nufi kunun tsamiyarsa. Wata rana Bello ya bi ni gida, Inna ta raba mana ƙosan da bai isa mutum ɗaya ba, ya ci yana sa mata albarka.

Da azumi ya raba, muka je Jiga Makera muka gwada wasan a gaban mutane. Na shiga bayan zana tun kafin a taru, da sunan mai kula da kaya. Kulu na buɗe baki wurin ya kaure. Tsofaffi da azumi a bakinsu suna dariya har da riƙe ciki. Kafin kwana biyu maganar ta cika Aliero, kowa na tambayar wace ce. Wasu suka ce wata malamar asibiti ce daga Yawuri, wasu suka rantse sun ga an shigo da ita cikin lulluɓi a bayan keke. Har Inna ta same ni da zancen muna shan ruwa.

"Ummaru, kai da ka ɗaukar musu kaya, wagga Kulu ɗiyar wa ta? An ce bakinta ya hi reza."

Na ce, "Inna, ni zana ɗai nika kahwawa." Na tura fuskata cikin ƙwaryar kunu.

Ranar rufe tafsiri ban je gwaji ba, don zaman yakan kai har gab da Magariba. Jama'a ta cika ƙofar gida har bakin hanya. Alaramma bai iya ja ba sam a ranar, ni na ja tun daga farko har ƙarshe. Da aka shafa addu'a, Malam ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, Alaramma ya yi muna hidima, Allah shi saka mai. Baɗi in Allah ya kai mu, Ummaru ka jan baki."

Tsohon ya janye buzun da yake zaune a kai, ya naɗe, ya ɗora mini a cinya. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ina shan ruwa, ko tuwo ban jira ba, na tafi gidan su Bello, don shi ne mutum na farko da nake so ya ji. Ya rungume ni, ya ɗaga ni sama, yana ta kiran "Alaramma! Alaramma!" Na tambaye shi yadda gwaji ya tafi. Ya ce lafiya lau, sun ɗan taɓa ƙarshen wasan ne kawai, ba wurina ba ne, kada in damu.

Aka yi Sallah. Ranar gasa motar albasa guda aka cika da mutanen Aliero zuwa Jega, cikinsu har da almajiran Malam manya da dattawan da ke zama sahun gaba a tafsiri. Rana ta yi zafin da ta saba, hadari ya haɗu a gabas ya tsaya yana kallon mu bai ce komai ba. An kawo lasifika da batirin mota, an jera kujerun baƙi daga Birni a ƙarƙashin rumfa. Ni na kafa zanata da hannuna. Na ɗaure ta a dirka da irin ƙullin da nake yi wa buhun albasa mai tafiya Kudu, wanda sai da wuƙa ake kwance shi. Sai Bello ya ce in je in yi La'asar tun da wuri, shi zai tsare kayan. Na tafi.

'Yan Maiyama suka yi nasu, 'yan Jega suka yi nasu, an tafa musu daidai gwargwado. Da aka zo kanmu, na zauna a kan turmi, aka miƙo mini abin magana ta ƙarƙashin zana. Ban taɓa jin Kulu a lasifika ba sai ranar. Muryar ta cika filin nan har tana dawowa daga bangon makaranta. Kafin a kai rabin wasa, da an yi sallama jama'a ke riga ni: "Maigida ba shi nan!" Ta ɗan tsagin zana ina hango babban baƙo daga Birni yana share hawaye da hularsa. Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina ko ba a san ni ba, yau na yi wa garinmu aiki.

Aka zo shelar rabon taki. Bello ya diro daga rumbu kamar yadda aka saba, amma maimakon ya ruga waje, sai na ji takunsa ya nufo ni. Ina tsakiyar cewa "Wa ka..." sai haske ya buge ni a fuska. Zanar ta tafi gaba ɗaya ta kwanta a ƙasa. Ga ni a kan turmi, baki a karkace, yatsu biyu a maƙogwaro, ɗan gemuna a waje, Jega da Aliero da Maiyama duk suna kallo na.

Bello ya dafe kai, ya ja da baya, ya kwarma a lasifika:

"Jama'a, ku taho ku gani! Ashe shekara da shekaru da Alaramma nika aure! Alaramma Ummaru na tahsirin Malam!"

Ban taɓa jin ihu irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Mutane suna faɗowa daga benci. Amma a cikin ihun nan kunnena ya tsinci wani abu da ya fi ihun ciwo. Daidai lokacin da zanar ta taɓa ƙasa, kalangun Audu ya buga, cas, ba gaba ba baya. Makaɗi ba ya samun irin wannan sai an gwada an sake gwadawa. Sai ga tela ya zo ya durƙusa a gabana, ya haɗa hannu, ya ce, "Allah shi gahwarta Malama Kulu," a natse, kamar wanda ya haddace. Na dubi dirka. Ƙullina ba ya nan, an mayar da shi zarge, da jan igiya ɗaya zai kwance. Nan na gane wace rana aka gyara ƙarshen wasan. A lokacin da Alaramma ke ɗora mini buzunsa a cinya, su suna aji suna gwada yadda za a kayar da zanar da na saƙa musu.

Mu muka ci gasar. Ina bayan aji ina naɗe igiya, Bello ya zo yana haki, fuska duk fara'a.

"Mun ci, Ummaru! Birni za mu!"

"Da azumi a bakinka kac ce."

"Haba, ai azumi ya wuce." Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya sassauta murya. "Diba, 'yan Jega sun hi mu kaya, sun hi mu mutane. In ba mu zo da abin da ba a zata ba, ba mu ci. In da na hwaɗa ma, ba ka yarda."

"Shi ya sa ba ka hwaɗa ba."

"Wasa na, Ummaru. Kwana biyu an manta. Ka shirya, baƙo ya ce kai yaka son gani Birni."

Na ce masa ya nemi wata Kulun. Ban jira motar albasa ba, na bar musu zanar a nan, na kama hanyar Aliero a ƙasa. Hadarin nan bai zubar da ko ɗigo ba, sai iska mai zafi da ta raka ni.

Ba a manta ba. Albasa ta shiga rudu, ruwan farko ya sauka, muka yi shuka, muka yi noma, gero ya yi kai, sunan yana nan. In na shiga kasuwa, daga rumfar mahauta za a ɗauko: "Kulu, maigida na nan?" In na yi sallama a ƙofar wani gida, sai in ji mata suna ƙunshe dariya a ciki. Inna ta daina zuwa biki da suna na wani lokaci, don an koma kiran ta uwar Kulu. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, abin da ta ce kawai, "Ɗan nan da nika raba ma ƙosai." Su Bello suka je Birni da wani yaron tela a matsayin Kulu, ban san yadda suka ƙare ba. Shi dai daga nan aka ɗauke shi aiki a can, ya bar koyarwa, ya bar Aliero.

Malam bai ce mini uffan ba duk tsawon shekarar. Ina zuwa karatu, yana biya mini, kamar bai ji komai ba. Na riƙe wannan shirun da hannu biyu, ina cewa tunda bai karɓe buzun ba, da sauran rabona. Da aka ga watan azumi na gaba, ya aiko a ce mini in zo da wuri. Na yi wanka, na sa farar rigata, na shimfiɗa buzun a damarsa. Jama'a ta cika fiye da kullum, na kuwa san ba duka ne tafsiri ya kawo su ba.

Na yi ta'awwuzi, na yi basmala, lafiya lau. Na shiga aya, ina zuwa inda ake ɗaga murya a ja madda, sai na ji wani ya yi tari a baya, irin tarin da ba na maƙogwaro ba. Na ɗaga ido. Ba wanda ya yi magana, ba wanda ya yi mini ba'a. Da ma sun yi, da na san abin da zan ce. Kawunansu duk a sunkuye, kafaɗu na rawa. Wani dattijo a sahun gaba, mutumin kirki, abokin mahaifina, ya ja rawaninsa ya toshe baki, hawaye na zubo masa, yana istigfari yana dariya, yana istigfari yana dariya. Muryar da nake karatu da ita ba ta Kulu ba ce, amma maƙogwaro ɗaya ne, kuma kunnuwansu sun riga sun haɗa su. Duk inda na ɗaga, ita suke ji.

Na daure ranar, na daure washegari. Na gwada kaurara murya, ta ƙi tafiya, numfashina ya riƙa yankewa a tsakiyar aya. A rana ta uku, bayan an watse, Malam ya ce in tsaya. Ya ajiye carbinsa, ya ce:

"Ummaru, na jira shekara guda ko Allah shi sa su manta. Karatunka ba shi da aibi."

"Allah shi gahwarta Malam, in an ƙara haƙuri..."

"Mutanen ga azumi suka yi. Suna dariya bisa Alƙur'ani ba da son ransu ba, suna tashi da zunubi. Ba ni iya barin haka, ko kai ba ka so."

Gaskiya ya faɗa, ba na so. Na naɗe buzun na ajiye a gabansa. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, don na ji muryarsa ta canza. Washegari wani almajiri daga Fagada ya zauna a wurin, mai murya kamar ana jan galma a tsakuwa, ba wanda ya yi dariya. Ni na koma sahun baya, can kusa da takalma. Tun daga ranar ban sake ɗaga murya da Alƙur'ani a gaban mutum ba, ko limanci aka tura ni a gona sai in ce wani ya shiga.

Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na yi jikoki, albasa ta rufa mini asiri. Malam ya rasu, Inna ta rasu, yawancin waɗanda suka yi dariyar nan sun rasu. Sunan ma ya tsufa, sai tsararrakina ke tuna shi. Bello yakan zo Sallah, mu haɗu a idi, ya daki kafaɗata ya ce "Kulu tawa!" ya wuce. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa in yafe masa ba, don har yau bai ga abin yafewa ba. A wurinsa ranar nan ita ce rana mafi daɗi a rayuwarsa. Wannan ne ke ci mini rai fiye da faɗuwar zanar.

Shekaranjiya jikana ya zo mini da labari, wai Bello ya yi wa samarin majalisa alkawari zai kawo su gidana da wayoyinsu, su ɗauki muryar Kulu ta asali su sa duniya ta ji. Ya ce musu ni mutuminsa ne, ba zan ƙi ba.

Jiya bayan La'asar ina zaune a tsakar gida a inuwar rudu, Alƙur'ani a buɗe a gabana, maiɗakina tana gefe tana yankan lawashi. Zafi ya kwantar da komai, ko kaji sun buɗe baki. Sai na ji sallama a ƙofa. Muryar ta tsufa, ta yi rawa, amma ko a kabari na ji ta zan gane. A bayanta ina jin ƙus-ƙus ɗin samari.

"Salamu alaikum! Alaramma Ummaru na ciki?"

Maiɗakina ta ajiye wuƙa za ta amsa, na ɗaga mata hannu. Ya sake sallama. Sallama dole a amsa ta, wannan na sani. Na taɓa maƙogwarona da yatsu biyu, ban ma tabbata tana nan ba bayan shekara talatin da 'yan kai. Ashe tana nan, ba abin da ya same ta.

"Wa alaikumus salamu. Wa ka sallama? Maigida ba shi nan."

Wani cikin samarin ya fara dariya, sai na ji ta yanke, kamar an dafa shi. Na kasa kunne ina jiran ta Bello. Ba ta zo ba. Ya daɗe tsaye a ƙofar nan, ina jin sandarsa tana taɓa ƙasa, sannan takunsa ya yi nisa a hankali, na samarin ya bi. Ban ɗauka na yi ƙarya da azumi a bakina ba. Kulu ya zo nema, ita ta amsa masa, da abin da ya koya mata.

Maiɗakina ta tsaya tana kallo na, baki buɗe, don ita labari kawai ta sha ji. Na ce ta ci gaba da aikinta, yamma ta yi. Na jawo Alƙur'anina na ɗora daga ayar da na tsaya, a hankali, yadda ko ita da ke gefena ba za ta ji ba.